Rahama Sadau da Kotun 'Yan Kallo

Rahama Ibrahim Sadau, wadda aka haifa a Kaduna ranar 7 ga Disambar 1993, tana cikin jaruman Kannywood da sunansu ya fi yawo a bakin jama'a cikin shekaru goman da suka wuce, kuma mafi yawan wannan yawo ba a kan fim ya kasance ba. Ta shiga masana'antar a 2013 ta hannun Ali Nuhu, fim ɗin Gani Ga Wane ya fito da ita, daga nan ta tsallaka finafinan Kudu, ta kafa kamfaninta na Sadau Pictures, ta kai har Indiya. Amma da za a tsayar da matashi a tashar Boɗinga ko a kasuwar Shagari a ce ya faɗi abin da ya sani game da ita, da wuya ya fara da sunan fim. Zai fara da korar da aka yi mata, ko da wata doguwar riga, ko da labarin kamun da ba a yi ba.

Haka labarin ya zo masa. A duniyar finafinan Hausa jita-jita kan riga fim isa gari, wani lokaci da watanni, kuma kafin a saki fim 'yan kallo sun riga sun zauna, sun saurari ƙara, sun yanke hukunci a kan wadda ta fito a cikinsa. Mai kallon Kannywood yana jin kansa tamkar waliyyin jaruma: yana da ta cewa a kan suturarta, da wanda ta tsaya kusa da shi a hoto, da lokacin da ya kamata ta yi aure. Abin da ya sa lamarin ya wuce hirar majalisa shi ne, sau da dama ƙungiyoyin 'yan fim, da hukumar tace finafinai, har da 'yan sanda, sukan bi sawun hayaniyar ne tun kafin su auna ta.

Kafin Rahama

Masana'antar ta taso ne da wannan ido a kanta. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, zuwa Sangaya na ƙarshen shekarun 1990 da ya ƙara kafa rawa da waƙa irin na Indiya a matsayin ginshiƙin kasuwa, kullum akwai masu cewa 'yan fim na ɓata tarbiyya, su kuwa 'yan fim na cewa faɗakarwa suke yi. Wannan amsa ta yi musu rana, ta kuma zame musu tarko, domin wanda ya ce shi mai gyaran al'umma ne ya bai wa al'umma izinin leƙa cikin gidansa. Mujallun da suka taso tare da masana'antar, irin su Tauraruwa, inda aka fara amfani da sunan Kannywood, da Fim wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, sun buɗe shafukan wasiƙun masu karatu, wasiƙun kuwa suka cika da yabo, da neman abota, da nasiha mai zafi. Abin da ake gani yau a ƙarƙashin hoton jaruma a Instagram jikan waɗannan wasiƙu ne, sai dai yanzu babu edita a tsakani.

Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. Amma a watan Agustan 2007 ne aka ga iyakar abin da fushin jama'a zai iya jawowa. Wani bidiyo na sirri, wanda aka ɗauka da waya, ba don kasuwa ba, ya fita ba da son wadda ke ciki ba. Jarumar ita ce Maryam Usman, wadda aka fi sani da Hiyana saboda fim ɗin da ya yi mata suna. Bidiyon ya bi wayoyi ta Bluetooth, ya cika gari. Gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon jami'in Hisba, a kan hukumar tace finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, 'yan fim da kansu suka kori wasu abokan sana'arsu don su wanke kansu. Adam A. Zango ya sha ɗauri a 2007 saboda kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya, Rabilu Musa Ibro ya sha nasa a 2008, haka Hamisu Lamiɗo Iyantama a ƙarshen wannan shekara a kan fim ɗin Tsintsiya. Wasu da dama suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna.

Akwai bambanci a nan da ya ci gaba da maimaituwa. Mazan an kama su ne a kan aikin da suka fitar ko takardar da aka ce ba su da ita, suka fito suka ci gaba da sana'a, wasu ma sunansu ya ƙara girma. Macen kuwa rayuwarta ta sirri aka hukunta, kuma ba ta sake komawa matsayinta ba. Wani abin lura kuma: a daidai lokacin da ake la'antarta a kan mumbari, hotonta na manne a jikin motocin haya da babura a Kano. Tun a lokacin 'yan kallo ba murya ɗaya gare su ba. Masu fushi ne kawai suka fi samun lasifika.

Korar 2016

Shekarar 2016 ta zo wa Kannywood da zafi tun kafin Rahama ta shiga maganar. A watan Yuli gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye shirin gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 a garin Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, bayan wasu malamai da masu amfani da kafafen sada zumunta sun yi masa ca. Darasin da 'yan fim suka ɗauka shi ne hayaniyar intanet tana iya rushe aikin gwamnatin tarayya cikin kwanaki. Saboda haka da bidiyon waƙar I Love You ta ClassiQ, mawaƙin nan mazaunin Jos, ya fito, aka ga Rahama a ciki suna riƙe hannu suna rungumar juna, shugabannin masana'antar ba su jira kowa ya tura su ba. A farkon Oktoba ƙungiyar masu shirya finafinai, MOPPAN, ta sanar da korarta daga finafinan Hausa.

MOPPAN ƙungiyar 'yan sana'a ce. Ba ta da gidan yari, ba ta da alƙali. Ƙarfinta shi ne ta hana membobinta ɗaukar mutum aiki, kuma a zamanin da kasuwar fim ke hannun dillalan Ƙofar Wambai wannan kaɗai ya isa ya kashe sana'ar jaruma. Sai dai zamanin ya fara juyawa. Rahama ta ba da haƙuri, amma ba ta zauna a gida ba. A wannan shekara ta fito a Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife, kafafen labarai na ƙasashen waje suka ɗauki labarin korar, mawaƙi Akon ya gayyace ta Amurka. A 2017, tana cikin korar, kamfaninta ya fitar da Rariya, wanda Yaseen Auwal ya ba da umarni. Bayan ta sake neman afuwa a ƙarshen 2017, aka yafe mata a farkon 2018, shekarar da ta fito a Up North, wanda aka ɗauka a Bauchi. Ta kuma yi karatun digiri a jami'ar Eastern Mediterranean da ke Arewacin Sayifurus.

Masu kare ta a lokacin sun yi tambayar da ba a amsa ba har yau: me ya sa jaruman maza da suka fito a finafinan Kudu, suka kusanci mata fiye da haka, ba a kore su ba? Masu goyon bayan korar suka ce 'yar Musulmi Bahaushiya tana ɗauke da mutuncin al'umma duk inda ta je. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, sakamakon a bayyane yake. Hukuncin da aka yi don a rufe mata ƙofa shi ya sanar da sunanta ga mutanen da ba su taɓa kallon fim ɗin Hausa ba.

Nuwamban 2020

Wannan ita ce aukuwar da ta fi haɗari, kuma ita ce aka fi ruɗa labarinta. A farkon Nuwamban 2020 Rahama ta wallafa hotunanta sanye da doguwar riga mai buɗaɗɗen baya. Aka fara suka kamar yadda aka saba. Cikin masu mayar da martani a Twitter, wani mutum dabam, ba ita ba, ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam. Daga nan magana ta tashi daga sutura ta koma addini. Ta goge hotunan, ta nesanta kanta daga kalaman, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara. Wasu daga cikin abokan sana'arta suka fito fili suka soke ta. Aka kai takardar koke ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda, Mohammed Adamu, ofishin kuma ya miƙa maganar ga rundunar jihar Kaduna.

Cikin kwanaki kaɗan labari ya cika wayoyi cewa an kama ta, wasu suka ce an gurfanar da ita a kotun Shari'a, wasu suka ce har an yanke mata hukunci. Sai da ta fito da kanta ta ce ba a kama ta ba, ba a kuma yanke mata hukuncin komai ba.

Abin tambaya shi ne me ya sa ƙaryar ta karɓu da sauri haka. Amsar tana cikin shekarar kanta. A watan Afrilu an kama Mubarak Bala a Kaduna aka kai shi Kano bisa zargin ɓatanci a Facebook. A watan Agusta wata kotun Shari'a a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa saboda waƙar da ta yaɗu a WhatsApp. Wanda ya ji waɗannan bai ga abin mamaki ba da aka ce masa an kama jarumar fim. Jita-jita ba ta cika ƙirƙiro sabon abu ba, takan ɗauki rigar wani labari na gaskiya ta saka wa wani mutum. Sai dai a nan ta shafe bambanci mafi muhimmanci, wato cewa waɗancan an zarge su ne da furucin bakinsu, ita kuwa furucin wani aka rataya mata.

A Sakkwato ba a buƙatar doguwar magana kafin a gane nauyin irin wannan ratayawa. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke birnin Sakkwato, bayan zargin ɓatanci da ya taso daga saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi Allah-wadai da kisan, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa dokar hana fita a birnin. Mai tura saƙon da ya haɗa sunan mutum da kalmar ɓatanci yana wasa ne da ran mutum, ko da shi a ganinsa gulmar 'yan fim kawai yake yi.

Matasa masu bin siyasa sun lura da wani abu a lokacin, kuma lurar tana da hujja. Makonni kaɗan kafin hotunan, zanga-zangar EndSARS ta girgiza ƙasar, matasan Arewa kuma suna ƙoƙarin tayar da tasu muryar kan matsalar tsaro. A ƙarshen Nuwamban aka yanka manoma a Zabarmari ta jihar Borno, ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara. Saurin da takardar koke a kan riga ta yi daga hannun mai ƙara zuwa teburin Sufeto Janar, zuwa Kaduna, abu ne da mazauna ƙauyukan gabashin Sakkwato za su so su ga irinsa a nasu koke-koken.

Yadda labari ke isa Boɗinga da Shagari

Garuruwan biyu suna kan babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal ya nufi Jega, dukkansu a mazaɓar sanata ta Sakkwato ta Kudu. Boɗinga tsohon mazaunin Abdullahi ɗan Fodiyo ne, kusa da Sifawa inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Shagari kuwa mahaifar Shugaba Shehu Shagari ce, can aka rufe shi a ƙarshen 2018. Ba a nan ake shirya manyan finafinan Kannywood ba, jaruman ma ba a nan suke zaune ba. Amma irin waɗannan garuruwa su ne ainihin kasuwar fim ɗin Hausa, kuma hanyar da fim ke bi ya iso su tana bayyana halin 'yan kallo fiye da duk wani wa'azi da aka yi a kansu.

A da kaset ne, sai faifan CD da DVD, ana sarowa daga Kano. A tsakiyar shekarun 2010 wannan kasuwa ta durƙushe saboda satar fasaha da kuma finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, waɗanda suka fi araha suka kuma ja hankalin matasa. Abin da ya maye gurbinta a ƙananan garuruwa shi ne shagon masu turi: mutum ya miƙa wayarsa ko katin memori, ya biya 'yan canji, a cika masa da finafinai da waƙoƙi. Daga nan abokai su raba wa juna ta Xender ba tare da an taɓa data ba. Masu tauraron ɗan'adam a gida suna kallon Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 ta kuma kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Masu halin sayen data suna bin YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka mamaye tun daga 2020.

Wanda ya karɓi fim daga mai turi bai biya mai fim ko sisi ba. Ba zai iya hukunta jaruma ta hanyar ƙin sayen fim ɗinta ba, tunda dama ba saye yake yi ba. Bakinsa ne kawai makaminsa, da yatsan da yake tura saƙo da shi. Shi kuwa mai kallo a YouTube, ko don so ya danna ko don haushi, lissafin kallon ɗaya ne, kuɗin talla kuma ɗaya ne. Wannan ne ya sa kora ta rage kaifi. Shi ne kuma ya haifar da wata sabuwar sana'a: ƙananan tashoshin YouTube da shafukan Facebook da TikTok da ke rayuwa a kan sunayen 'yan fim. Su ne masu sa hoton jaruma da baƙin kyalle da salati a kai, mai kallo ya danna cikin tashin hankali ya tarar da ita lafiya lau. Su ne masu ɗauko hoton bikin aure daga wurin ɗaukar fim su ce an ɗaura. Fim cikakke yana cin data mai yawa, yana kuma jiran ranar fitowarsa. Gutsuren bidiyo na sakan talatin ba ya jiran komai, kuma ya fi sauƙin shiga zauren WhatsApp na unguwa.

Cutarwar ba a kan jaruma kaɗai take tsayawa ba. A 2022 wani ma'aikacin gwamnati daga Gusau ya maka Hadiza Gabon a kotun Shari'a ta Magajin Gari da ke Kaduna, yana cewa ta yi masa alkawarin aure har ya kashe mata naira 396,000. Ita kuwa ta shaida wa kotu cewa ba ta taɓa saninsa ba. Jarumai da dama sun sha fitowa suna gargaɗi kan shafukan bogi da ake buɗewa da sunayensu ana karɓar kuɗin masoya. Mutumin da ya yarda cewa jaruma tasa ce, ya san ta ciki da waje saboda yana ganinta kullum a waya, shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun ɗan damfara.

Fim mai zuwa

Idan aka sanar da sabon fim, muhawarar ba kasafai take tsayawa a kan labarinsa ba, tunda ba wanda ya gani tukuna. A kan fosta ake yinta, da tallar minti biyu, da hotunan wurin aiki. Wa ya tsaya kusa da wa, wa aka cire, wa ya daina bin wa a Instagram. Da hotunan Rahama tare da Vidyut Jammwal suka fito daga wurin ɗaukar Khuda Haafiz kashi na biyu, wanda aka saki a Yulin 2022, murna ta rinjayi suka. Ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Hausa ta shafe fiye da rabin ƙarni tana kallon finafinan Indiya, tun zamanin silimun Kwara a manyan birane, ita kanta Rahama an san ta da jin Indiyanci. Rawar da ta taka a fim ɗin ba babba ba ce, amma ga mai kallon da ya tashi da finafinan Amitabh Bachchan, ganin 'yar Kaduna a cikin fim ɗin Indiya nasara ce ta gida. Mutanen da suka ce ta zubar da mutuncin Hausawa a 2020 da mutanen da suka ce ta ɗaga tutar Hausawa a 2022, a wurare da dama mutane ɗaya ne. A farkon 2022 ta fito a Chief Daddy kashi na biyu a Netflix, a 2023 kuma The Plan, wanda Ali Nuhu ma yake ciki, ya hau wannan dandali, inda hannun MOPPAN ba ya kaiwa.

Labarina ya nuna wata fuskar. A Afrilun 2022 Nafisa Abdullahi, wadda ke fitowa a matsayin Sumayya, ta sanar da ficewarta daga shirin, tana mai cewa harkokinta sun yi mata yawa. Sanarwar ta zo ne a daidai lokacin da take musayar kalamai da Naziru Sarkin Waƙa, abokin aikinta a shirin, kan iyayen da ke haihuwar yara su tura su bara. 'Yan kallo suka haɗa biyun suka ƙulla nasu labarin, suka rabu gida biyu, kowane gida na iƙirarin ya san gaskiyar abin da ya faru a bayan kyamara. Muhawara a kan almajirci, wadda ta shafi rayuwar miliyoyin yara, ta koma gardamar wa ya fi wa gaskiya tsakanin taurari biyu. Shirin ya ci gaba da wata jarumar a matsayin Sumayya.

Safiya Yusuf, Safara'u ta Kwana Casa'in, ba ta samu zaɓin ficewa da kanta ba. A 2020 wani bidiyonta na sirri ya fita, ta rasa matsayinta a shirin, daga baya ta koma waƙa. Shekaru goma sha uku bayan Hiyana, abin da ya canza shi ne saurin yaɗuwa. Wadda aka tona wa asiri ita ta biya, hankalin jama'a kuma bai tsaya a kan wanda ya fitar da bidiyon ba.

Abin da doka ta ce

Ba rashin doka ba ne matsalar. Sashe na 391 da na 392 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa tun 1960 sun haramta ɓata suna. A jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a, har da Sakkwato, ƙazafi, wato jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, haddi ne mai bulala tamanin. Akwai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. Da za a ɗauki sharhin da ke ƙarƙashin hoton kowace fitacciyar jaruma a auna shi da hukuncin ƙazafi, da yawa daga cikin masu iƙirarin kare addini su ne za su fara miƙa baya. Wannan ɓangare na Shari'a bai samu masu yi masa gangami a Twitter ba.

Sashe na 24 kuwa an fi ganin haƙoransa idan mai mulki ne ya ji ciwo. 'Yan jarida sun sha gurfana a ƙarƙashinsa. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda saƙo ɗaya da ya rubuta a kan Aisha Buhari, sai da ƙorafi ya yi yawa aka janye ƙarar. Jarumar da aka yaɗa mutuwarta ko aka jefe ta da alfasha ba ta da irin wannan gata. Mafi yawa takan ɗauki waya ta yi bidiyon ƙaryatawa, bidiyon kuma ya zama sabon abin ci ga tashoshin da suka ƙaga labarin.

Gwamnati a nata ɓangaren tana rungumar taurarin da hannu ɗaya tana matsa su da ɗayan. 'Yan siyasa na neman su a lokacin zaɓe, kamar yadda aka gani a 2015 da 2019 lokacin da masana'antar ta rabu tsakanin jam'iyyu. A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, a wannan shekara kuma aka sa Rahama a kwamitin shirin iDICE na gwamnatin tarayya mai tallafa wa sana'o'in fasahar zamani da ƙirƙira. A Kano kuwa hukumar tace finafinai, ƙarƙashin Abba El-Mustapha wanda shi ma ɗan fim ne, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22 a Mayun 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba kafin a sake su. Hukumar na ƙoƙarin bin finafinan har cikin YouTube, inda kasuwar ta koma.

A watan Agustan 2025 aka ɗaura wa Rahama Sadau aure a Kaduna, ba tare da dogon shela ba, bayan shekarun da masu shafuka suka kwashe suna aurar da ita ga wannan da wancan. Wannan karon da kanta ta tabbatar. Addu'o'i suka cika shafukanta, har daga waɗanda suka nemi a hukunta ta shekaru biyar kafin nan. A al'adar Kannywood jarumar da ta yi aure takan bar gaban kyamara, ko ta koma shiryawa daga baya, kuma tun ranar ɗaurin auren 'yan kallo suka buɗe sabon zama a kan ko za ta sake fitowa a fim, da kuma ko ya kamata mijinta ya bar ta.